Cin Abincin Dare Cikin Jirgin Ruwa a Alƙahira: Ɓarnar Kuɗi ce ko Karatun Ciniki?

Da wuya ɗan kasuwar Nijeriya ya kwana uku a Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar, ba a yi masa tayin shiga jirgin ruwan nan da ake cin abincin dare a cikinsa a kan Kogin Nilu ba. Idan ma'aikacin masaukinsa bai tallata masa ba, direban tasi zai yi. Idan direba ya manta, to dillalin da ke raka shi masana'antun Birnin Goma ga Ramadan ko kantunan Khan el-Khalili ba zai manta ba, domin kowannensu yana da la'adarsa a ciki. Amsar da akasarin mutanenmu kan bayar kuwa sananniya ce: sari ya kawo ni, ba shaƙatawa ba. Wanda ya kawo majinyaci asibiti, ko ya zo duba ɗansa da ke karatu a Azhar, uzurinsa ma ya fi wannan ƙarfi.

Ko shakka babu wannan amsa tana da hujja. Ba sai an je nesa ba: daga watan Yuni na 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta bar kasuwa ta yanke darajar Naira, Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma, ta zarce Naira 1,500 a farkon 2024, saboda haka duk Dalar da ɗan kasuwa ya fita da ita jari ce, ba kuɗin kashewa ba. Amma duk da haka ra'ayina shi ne, duk ɗan kasuwar da Allah ya kai shi Alƙahira, kuma aljihunsa zai iya ɗauka, ya kamata ya shiga wannan jirgi ko da sau ɗaya ne, ya shiga da idon ciniki. A cikin awa biyun nan zai ga yadda ake mayar da ruwan da Allah ya bayar kyauta ya zama haja, wato sana'ar da muke da kayan yinta a gida amma ba mu fara ba.

Abin da ake sayarwa dai ba wani abin mamaki ba ne. Jiragen manya ne, masu hawa biyu ko uku, an yi musu ɗakin cin abinci da tagogin gilashi, da kuma fili a sama inda ake shan iska. Suna tashi daga kwatocin da ke Ma'adi, ko Giza, ko Zamalik, su yi kimanin awa biyu suna tafiya a hankali, su juyo su dawo inda suka taso. Da yawansu sawu biyu suke yi a dare guda, na farko bayan faɗuwar rana, na biyu wajen ƙarfe goma, domin mutanen Alƙahira ba su kwanciya da wuri. A hanya baƙo zai ga Hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187, wadda aka gama a 1961, da gadar Ƙasrun Nil, da manyan otal-otal da fitilunsu ke haskawa a cikin ruwa, da tsibirin Rauda. Abinci na ɗebi-da-kanka ne: shinkafa, gasasshen nama da kaza, kifi, ganyen da aka cusa wa shinkafa, taliya, da kayan zaƙi irin su basbusa da Ummu Ali. Ana cikin ci makaɗa na kiɗa, sannan mai rawar tannura ya fito, wato namijin nan mai faffaɗan siket kala-kala da kan yi ta juyawa wuri ɗaya minti da yawa ba tare da jiri ya kayar da shi ba, rawar da ta samo asali daga zikirin wasu ɗariƙun sufaye.

Gaskiya ita ce abincin ba shi ne abin yabo ba. Da rabin kuɗin, ko ƙasa da haka, mutum zai ci wanda ya fi shi daɗi a gidajen gasa nama na unguwar Sayyida Zainab ko ta Husaini. Wanda ya shiga jirgin don cikinsa kawai ya yi asara. To amma a nan ne darasin farko yake: mai jirgin bai sayar da shinkafa ba, ya sayar da wurin da aka ci ta ne. Kogin ba shi ya haƙa ba, fitilun birnin ba shi ke biyan kuɗin wutarsu ba, gadojin ba shi ya gina ba, amma duk ya haɗa su cikin farashin kujera guda. Bugu da ƙari, mai karatu ya dubi abin da ke kan teburin: jan abin shan da suke kira karkade zoɓo ne, irin wanda ake lodinsa buhu-buhu a Jigawa da Kano zuwa ƙasar Meziko, farin romon da ake dangwala gurasa a ciki, wato tahina, niƙaƙƙen riɗi ne, irin wanda muke sayarwa ɗanye ga Turkiyya da Japan da Sin. Kofin zoɓo ɗaya a kan Nilu ya fi mudunsa tsada a kasuwar Maigatari, ba don zoɓon ya canja ba.

Darasi na biyu ya shafi yadda ake yanke farashi, kuma shi ne zai fi amfanar wanda ke shirin biya. Mu ƙaddara jirgi yana da kujeru 200. Da zarar ya saki igiya, man da zai sha, da albashin matuƙi da ma'aikata, da kuɗin makaɗa, da kuɗin kwata, da inshora, duk ɗaya ne, ko mutum 40 ne a ciki ko 180. Abin da ƙarin baƙo ɗaya ke jawo wa mai jirgi na kashewa bai wuce farantin abincinsa ba. Haka kuma kujerar da ba a sayar ba yau ta tafi ke nan har abada. Mai atamfa a Kantin Kwari idan bai sayar da dilarsa yau ba, gobe tana nan. Mai tumatir ma yana iya shanya shi ya yi kauɗa. Amma kujerar jirgin daren Talata ba ta sayuwa ranar Laraba. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai jirgi ke iya ba direban tasi da ma'aikacin otal la'ada mai tsoka, shi ne kuma dalilin da ya sa mutum biyu za su zauna tebur ɗaya, su ci abinci ɗaya, alhali ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Wanda ya tafi ofishin jirgin da kansa, ko ya sa abokin cinikinsa Bamasare ya yi masa waya, ko ya zo da jama'a goma, yana da bakin yin tayi, musamman a tsakiyar mako. Daren Alhamis da na Juma'a kuwa na masu jirgi ne.

Kafin a biya, tilas ne a tambaya ko farashin ya haɗa da kuɗin hidima, wanda gidajen abinci na Masar suka saba ɗorawa kashi 12 cikin 100, da harajin VAT na kashi 14 cikin 100, domin waɗannan biyun kaɗai sun haura rubu'in kuɗin. Abin sha galibi dabam ake biyansa, har ruwan kwalba. Mai ɗaukar hoton da ke zagayawa tebur-tebur shi ma ɗan kasuwa ne. A lokacin zafi magariba a Alƙahira kan kai wajen ƙarfe takwas, don haka sawun farko yana iya cin lokacin salla, sai mutum ya shirya. A watan Disamba da Janairu kuma saman jirgi yana da sanyin da babbar riga kaɗai ba ta tare shi.

Akwai wani uzuri da ya fi na kuɗi nauyi a wurin masu karanta wannan shafi, kuma bai kamata a yi masa kwana-kwana ba. Yawancin manyan jiragen nan suna sayar da giya, kuma bayan tannura akan fito da mace ta yi rawar karkaɗa ƙugu cikin tufafin da ba su rufe jiki ba. Ba ƙaramin abin kunya ba ne Alhaji ya ɗauki iyalinsa, ko surukinsa, ko malamin da suka yi tafiya tare, a wayi gari yana sunkuyar da kai yana neman hanyar fita, ga shi kuwa a tsakiyar kogi babu inda za shi. Wanda ya ƙi shiga saboda wannan bai yi laifi ba. Sai dai su Masarawan sun san akwai irin wannan mai saye, domin da yawansu ma haka suke, kuma sun yi masa tanadi. Akwai jiragen da ba a sayar da giya a cikinsu. A watan azumi ana shirya sawun buɗa-baki da na sahur, inda ake sauya nishaɗin zuwa wanda ya dace da watan. Mafi sauƙi duka ita ce faluka, wato ƙaramin jirgin da iska ke turawa, wanda ake haya da awa a bakin kogi wajen Garden City ko Ma'adi: mutum ya sayi abincinsa a gari, ya shiga da jama'arsa su kaɗai, babu kiɗa, babu ƙarar inji. Ga mai son zantawa da abokin ciniki, faluka ta fi babban jirgi nesa ba kusa ba, domin a babban jirgi ganga ba ta barin a ji juna. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne kogi ɗaya ne aka yanka shi haja iri-iri, kowane aljihu da kowace aƙida da nata.

To me ya sa sana'ar ta zauna da gindinta a can? Mutanen Masar sun daɗe da sanin cewa kogin nan lissafi ne. A ƙarshen tsibirin Rauda, wanda jirgin kan wuce ta gefensa, akwai ma'aunin ruwan Nilu da aka gina a shekarar 861 Miladiyya zamanin halifan Abbasiyawa Mutawakkil, wato rijiya ce mai ginshiƙin dutse a tsakiya da aka yi wa zane-zanen awo. Idan ambaliyar shekara ta kai zira'i 16 an san za a yi albarkar noma, kuma da wannan awon hukuma ke yanke harajin da manoma za su biya. Ambaliyar ta daina isowa Alƙahira tun da aka kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970. Madatsar an gina ta ne don noma da lantarki, ba don masu cin abincin dare ba, amma ita ce ta sa ruwan birnin ba ya hauhawa ya cinye kwata da damina, ba ya kuma janyewa ya bar jirgi a kan yashi da rani. Mai jirgi yana iya karɓar bashin banki da sanin cewa zai yi aiki wata goma sha biyu. Ita kuwa sana'ar ɗaukar baƙi a kan Nilu, Baturen Ingila Thomas Cook ne ya mayar da ita ciniki mai tsari tun 1869, lokacin da ya yi hayar jiragen tururi biyu ya kai ayarinsa na farko. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya durƙushe a 2019, jiragen Nilu kuwa suna nan suna tashi kowane dare.

Ga Masar wannan ba wasa ba ne. Baƙon da ya biya kuɗin kujera da Dala ko Riyal, daidai yake da wanda ya sayi auduga ko takin zamani daga ƙasar, illa dai shi wannan kayan ba ya buƙatar kwantena, ba ya biyan kuɗin dako, mai sayen ne ma ke biyan kuɗin jirgin sama ya zo ya cinye shi a wurin. A shekarar kuɗi ta 2022/2023 yawon buɗe ido ya samar wa ƙasar fiye da Dala miliyan dubu 13. Muhimmancinsa ya ƙara fitowa fili a 2024, lokacin da hare-haren da aka riƙa kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya suka zubar da kuɗin shigar Mashigin Suwes daga wajen Dala miliyan dubu 10 a 2023 zuwa wajen miliyan dubu 4. A watan Maris na 2024 ne kuma Fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa wajen 50 a kan Dala ɗaya, abin da ya ƙuntata wa talakan Masar amma ya rahusta ƙasar ga baƙo.

Sai dai kuma sana'a ce mai saurin firgita. A 2010 baƙi miliyan 14.7 suka shiga Masar. Juyin-juya-halin 2011 ya kore su, faɗuwar jirgin saman Rasha a Sina'i a watan Oktoba na 2015, inda mutum 224 suka rasu, ta ƙarasa sauran, har adadin ya sauko zuwa wajen miliyan 5.4 a 2016. Sai a 2023 aka sake kamo adadin 2010, wato shekara 13 ke nan. A cikin waɗancan shekaru jiragen da ke kai Turawa tsakanin Luksor da Aswan da yawa sun yi ta zama a ɗaure, amma na Alƙahira sun fi su jurewa, kuma a ganina dalilin a bayyane yake: birnin da kewayensa yana da mutum fiye da miliyan 20, waɗanda ke yin baiko, da walimar aure, da bikin gama karatu, da liyafar kamfanoni a kan ruwa, ga kuma Larabawan Saudiyya da Kuwaiti da ke zuwa hutun zafi. Mai sayen gida shi ne ya riƙe jirgin har baƙon waje ya dawo. Duk wanda zai kwaikwayi wannan sana'a ya fara lissafinsa daga nan.

Kada kuma a ɗauka komai na can zinariya ne. A watan Yuli na 2015, a unguwar Warraƙ da ke arewacin Alƙahira, wani jirgin dakon kaya ya banke ƙaramin jirgin da ke ɗauke da masu bikin baiko da dare, mutum fiye da 30 suka halaka, cikinsu har da yara da yawa. Irin wannan ya faru a Landan a 1989, inda jirgin yashe kogi ya nutsar da jirgin shaƙatawa mai suna Marchioness a Kogin Tems, mutum 51 suka mutu, ya kuma faru a Budafes a 2019 a kan Kogin Danub. A duka ukun, dare ne, kuma babban jirgi ne ya hau ƙarami. Don haka wanda zai shiga faluka ko ƙananan jiragen nan masu fitilu kala-kala da ke cika mutane a bakin gadar Ƙasrun Nil, ya duba da idonsa ko akwai rigunan kariya daga nutsewa, kuma idan ya ga lodi ya yi yawa ya jira na gaba. Akwai kuma wata illar ta dabam. Da bakin kogi ya yi daraja, sai aka fara ture marasa ƙarfi daga gare shi. A tsakiyar 2022 hukuma ta kwashe kimanin gidajen kan ruwa 30 da ke unguwar Kit Kat a Imbaba, waɗanda wasu iyalai suka shekara da shekaru a cikinsu, alhali jiragen da ke da lasin kasuwanci ba a taɓa su ba. Wurare da yawa da talaka kan tsaya ya sha iska kyauta yanzu gidajen abinci da kulob-kulob sun katange su.

Wanda ya ga duk wannan ya sauka a filin jirgin saman Kano ko Abuja, dole ya yi tunanin Lakwaja. Nan ne Kwara, mai tsawon kusan kilomita 4,200, ta haɗu da Binuwai, ga Dutsen Patti yana kallonsu, ga tarihin da ba a rasa mai son ji ba, tun da a nan ne Lugga ya karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger ranar 1 ga Janairu, 1900. Tsakaninta da Abuja kimanin kilomita 200 ne, kuma duk motar da ta taso daga Abuja zuwa Kudu kusan sai ta bi ta nan. A nan ne ma hedkwatar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wato NIWA, take, wadda aka kafa a 1997, kuma wadda kan ce ƙasar nan tana da hanyoyin ruwa fiye da kilomita 10,000 da suka ratsa jihohi 28. Amma baƙon da ya kwana a Lakwaja, abin da zai samu bai wuce gasasshen kifi a gefen titi ba, yana juya wa mahaɗar koguna biyu mafi girma a Afirka ta Yamma baya. Haka abin yake a Makurɗi, da Jebba, da Yawuri.

Za a ce rashin jari ne, ko rashin tsaro, ko kuma a ce wa zai ci abinci a jirgi alhali mudun masara ya gagari talaka. Duka akwai ƙamshin gaskiya, amma ba su ne tushen ba. Masu kashe miliyoyin Naira a kan hayar ɗakin biki a Abuja da Kano suna nan, kuma su ne irin mai sayen gidan da ya riƙe jiragen Alƙahira. Tushen matsalar shi ne, a yadda doka take, sana'ar ba ta ma halatta ba: Hukumar NIWA ta sha nanata haramcin tafiya a kan ruwa daga ƙarfe 6 na yamma har wayewar gari. Ba kuwa za a ga laifinta ba. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya nufi Warra a Jihar Kebbi ya tsage da fasinja fiye da 100, kaɗan ne suka tsira. A watan Yuni na 2023 mutum fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure da dare. A kogin da babu fitilar nuna hanya, babu alamar inda kututture ko tudun yashi yake, babu jirgin ceto a kusa, babu mai ƙidaya fasinja a kwata, hana tafiyar dare shi ne abu mafi araha da hukuma za ta iya yi. Amma hani ba tsari ba ne. Bai hana mutanen ƙauye tafiyar dare ba, tun da haɗurran ba su tsaya ba. Wanda ya hana kawai shi ne mai jarin da ke son bin doka, wanda banki da kamfanin inshora ba za su saurare shi ba matuƙar abin da yake son yi haramtacce ne.

Matsala ta biyu ita ce ruwan kansa. Kainji, da aka gama a 1968, da Jebba da Shiroro sun ɗan daidaita Kwara, amma Binuwai ba ta da linzami a ɓangaren Nijeriya, domin madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina don tare ruwan da Kamaru ke saki daga Lagdo har yau ba a gina ta ba. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nutsar da unguwannin Lakwaja, sun yanke hanyar Abuja kwana da kwanaki. Da rani kuma yashi ke fitowa tsakiyar kogi. An ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, a 2009, aka buɗe tashar Baro a watan Janairu na 2019, aka kuma yi shekaru ba a ga wata jigilar a-zo-a-gani ba. Saboda haka jirgin Alƙahira mai hawa uku ba zai yi aiki a Lakwaja yadda yake ba. Abin da zai yi shi ne jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi wanda ba ya buƙatar zurfi, da kwata mai yawo a kan ruwa wadda ke hawa da sauka tare da kogi, da lissafin da ya amince cewa watan Satumba da Oktoba ba na aiki ba ne.

Abin da nake tsoro shi ne wani gwamna ya je Alƙahira ko Dubai, abin ya burge shi, ya dawo ya sa a sayo wa jiha jirgin shaƙatawa. Mun ga ƙarshen irin wannan. Otal ɗin Tafkin Bagauda da gwamnatin Jihar Kano ta gina, wanda a da ake tururuwa zuwa gare shi, yau harabar Makarantar Horon Lauyoyi ce; Tinapa ta Kalaba, da aka buɗe a 2007 da kaɗe-kaɗe, ba ta taɓa mayar da abin da aka zuba mata ba. Gwamnati ba ta iya sayar da kujerar da ke ruɓewa a dare ɗaya, domin ma'aikacinta albashinsa ɗaya ne ko jirgi ya cika ko bai cika ba, kuma ranar da aka buɗe, manyan gari ne za su fara shiga kyauta. Bikin kamun kifi na Argungu yana tara jama'a, amma kwana kaɗan ne a shekara, a shekarun da aka yi shi ma ke nan. Ba a biyan albashin wata goma sha biyu da cinikin kwana huɗu.

Aikin hukuma a nan ƙarami ne, kuma sananne. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Janairu na 2024 cewa ikon ba da lasin a hanyoyin ruwa na cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, babu sauran gardamar wa ke da alhaki. Hukumar NIWA tana iya ware 'yan kilomitoci kaɗan a gaban hedkwatarta, daga tsohuwar kwata zuwa mahaɗa, ta auna zurfinsu, ta kafa alamomi masu fitila, ta ajiye jirgin ceto da ma'aikatansa, ta hana jiragen yashi da na katako ratsawa a sa'o'in da aka ƙayyade, sannan ta ba da lasin na musamman na tafiya har ƙarfe goma ga duk jirgin da ya cika sharuɗɗa: adadin fasinja a rubuce a jikinsa, riga ga kowane mutum, matuƙi mai takardar shaida, da inshorar da ke biyan diyya. Gwamnatin jiha kuma nata shi ne hanya zuwa kwata, da fitilun titi, da 'yan sanda, da kuma barin wani yanki na bakin kogin a buɗe ga masunta da masu wanki da mai son tsayawa kyauta, don kada a maimaita abin da ya faru a Imbaba. Sauran duka, wato jirgi, da abinci, da farashi, da asara idan ta zo, na 'yan kasuwa ne.

Kafin a kai ga haka, babu dokar da ta hana sawun la'asar, daga ƙarfe huɗu zuwa shida saura, a Lakwaja ko a Tafkin Jabi da ke Abuja, inda tuni ƙananan jiragen shaƙatawa ke aiki, babu giya, babu rawa, da wurin salla a kwata, ga masu walimar aure da kamfanonin da suka gaji da ɗakunan otal. Mai wannan tunani, idan ya shiga jirgin Alƙahira, ya bar teburinsa na ɗan lokaci ya ƙidaya kujeru da ma'aikata, ya lura da minti nawa ake ɗauka tsakanin saukar baƙin sawun farko da hawan na biyu, ya leƙa ya ga ko a cikin jirgi ake dafa abincin ko daga tudu ake kawo shi, sannan ya nemi manajan ya tambaye shi takardun hukuma nawa ne a aljihun teburinsa, kuma wace ce ta fi ba shi wahalar sabuntawa.